Sabis a Cike, Kuɗi Ba Sa Motsi

Ranar Laraba 13 ga Maris, 2024, azumi yana kwana uku, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyakokin Najeriya da Nijar, waɗanda aka garƙame tun watan Agustan 2023 bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. A Jibiya, garin da cinsa da shansa suka rataya a kan hanyar Maraɗi, an kwana ana lissafi. Mai bin bashi a Ɗan Isa, can ɓangaren Nijar, ya fara neman lambar wanda yake bi, mai kaya a sito ya fara tambayar kuɗin mota, direban da ya shafe wata bakwai bai ga lodi ba ya shiga neman batir. Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai ranar 22 ga watan, amma ɗan kasuwa ba ya jiran a ɗaga sandar kwastan kafin ya fara tura kuɗi.

Washegari, Alhamis, tun kafin azahar, kuɗi suka daina motsi.

A wata rumfar POS da ke Farfaru, a bakin iyaka, na ga yadda abin ya kasance. Saurayin da ke rumfar yana da na'ura biyu na kamfanoni daban-daban, da wayoyi masu layukan Najeriya da na Nijar, da ɗan faifan sola a kan rufin kwano. Duk tanadin da mutum zai iya yi a wurin ya yi. Wani dattijo mai sayen wake ya miƙa katinsa. Na'urar ta yi ta juya 'yar da'irar nan a fuskarta, ta daɗe tana juyawa, sannan ta tofo takarda mai cewa ciniki bai yiwu ba. Kafin dattijon ya mayar da katin aljihu, wayarsa ta yi ƙara. An cire kuɗin.

"Ɗana, ga alat, sun fita."

"Wallahi Baba ba su shigo mini ba. Duba takardar da kanka."

"To ba sa wurina, ba sa wurinka. Suna ina?"

Babu wanda ya iya ba shi amsa a rumfar. Amsar kuwa tana nan, sai dai kafin a kai gare ta dole a bi waɗanda aka zarga a ranar ɗaya bayan ɗaya, a ga wanda zargi ya tabbata a kansa.

Gwamnati aka fara zargi, kuma mutanen Jibiya suna da dalilinsu. A watan Satumban 2021, bayan an yi haka a Zamfara, an kashe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Jibiya, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. An shafe watanni a haka. Wanda ya rayu a lokacin ya san kamannin abin: waya ba ta nuna komai, kira ba ya fita, saƙo ba ya shiga, mai buƙata sai ya sa layin Nijar ya matsa kusa da iyaka yana ɗaga waya sama. Ranar Alhamis ɗin nan kuwa sandunan sabis a cike suke. Ka kira Katsina ko Kano, murya tana fita tangaram. Saƙon tes yana zuwa, shaida kuwa ga alat ɗin dattijo a hannunsa. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne dabarar 2021 ba ta yi aiki ba, don layin Nijar ma intanet ɗinsa jan ciki yake yi. Ko mene ne ya faru, ya taɓa ƙasashen biyu tare.

Daga nan sai aka koma kan rigimar ƙasashen. Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki a watan Agustan 2023, don haka wasu suka ce ramuwa ce, wasu suka ce masu cin riba da rufe iyaka ne ba sa son a buɗe. Wannan zargin bai kai magariba ba. Labarai suka fara shigowa cewa a Ghana ma haka ake ciki, da Kwaddibuwa, da Laberiya, da Gini, da Gambiya, da Benin, da Togo, da Kamaru, har Afirka ta Kudu. Ƙasashe fiye da goma ne, kuma galibinsu ba ruwansu da abin da ke tsakanin Abuja da Yamai. An ɗan zargi ɓarayin intanet, an ɗan harari yaron POS, amma da bankuna daban-daban suka fara aika wa mutanensu saƙon ban haƙuri a rana guda, sai kowa ya gane abin ya fi ƙarfin ɓarawo ɗaya.

Zargi na gaba shi ne wanda kowa ya saba furtawa a layin banki: "Sabarsu ce ta faɗi." A nan ya kamata a tsaya a duba da kyau, don mutane da yawa suna ɗauka banki kwamfuta ɗaya ce babba a wani ɗaki, in ta mutu shi ke nan.

Wanda ya taɓa shiga cibiyar adana bayanai ya san abin da ke fara tarbar mutum sanyi ne da ƙugin fanka. Akwatunan ƙarfe ne tsaye a jere, sun fi mutum tsawo, kowanne cike da sabobi an jera su wata bisa wata, ƙananan fitilu suna ƙyaftawa a gabansu. Kowace saba tana da wayar wuta biyu daga layuka biyu daban, da wayar sadarwa biyu. A bayan ginin akwai janareta fiye da ɗaya, da batura masu riƙe wuta na ɗan lokacin da janareta zai ɗauka kafin ya tashi. Sabobin da ke aiki iri ɗaya ana haɗa su gungu. Kowacce tana aika wa 'yan uwanta ɗan gajeren saƙo a kai a kai, kusan kowace daƙiƙa, ma'anarsa "ina raye", kuma masu aikin suna ce masa bugun zuciya. Idan bugun wata ya ɗauke, sauran su karɓe aikinta: adireshinta, da manhajar da take gudanarwa, da faifan da take rubutu a kai. Manhajoji irin su Pacemaker da Corosync aikinsu ke nan dare da rana. Bayanan su ma ba a faifai ɗaya suke ba. Tsarin ajiya irin Ceph, in ba a sauya masa ba, kwafi uku yake yi wa kowane guntun bayani, ya raba su a injuna uku. Bayan duk wannan, babban banki yana da cibiya ta biyu a wani ginin daban, wadda za ta ɗauki nauyi in gobara ko ambaliya ta ci ta farko.

Ana auna wannan tanadi da lissafi. Tsarin da aka ce yana tsaye kashi 99.9 cikin 100 na shekara, an yarda masa ya kwanta na awa 8 da minti 46. Mai kashi 99.99 yana da kimanin minti 53. Mai kashi 99.999 kuwa minti 5 ne da 'yan daƙiƙu a shekara guda cur. Kowace tara da aka ƙara kuɗi ne masu yawa, kuma bankuna suna biya.

Saboda haka mutuwar saba ɗaya ba za ta hana dattijo kuɗinsa yini guda ba; cikin daƙiƙu ko 'yan mintuna wata za ta maye gurbinta. Kuma ba a tsammanin bankunan da ba gini ɗaya suke ba, ba injuna ɗaya suka saya ba, sabobinsu su faɗi a sa'a guda. Sabobin suna nan da ransu, fitilunsu suna ƙyaftawa. Abin da ya lalace yana tsakaninsu da duniya ne.

A ranar ne Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta fitar da sanarwa: wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma. Guda huɗu ne, SAT-3, da MainOne, da WACS, da ACE. Mutane da yawa a nan suka tsaya, suka ce an gano mai laifi. Ni kuwa a ganina a nan ne abin ya fara ɗaure kai sosai, don sanarwar ta bar tambayoyi uku a buɗe. Yaya wayoyi huɗu da aka shimfiɗa don su rufa wa juna asiri za su tsinke rana ɗaya? Me ya haɗa kuɗin wake da za a tura daga Jibiya zuwa Katsina da teku, alhali daga nan zuwa Legas ya fi kilomita 1,000? Sannan tambayar dattijo tana nan: kuɗin suna ina?

Ta farko tana da tarihi. A watan Yulin 2009, lokacin da SAT-3 ce kaɗai wayar gilashi da yankin ya dogara da ita, ta samu matsala. Nijar da Togo suka yanke daga intanet, Najeriya ta rasa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin haɗinta da waje. Darasin da aka ɗauka a lokacin shi ne a yawaita wayoyi. A 2010 MainOne, wadda Funke Opeke ta kafa, ta iso Legas daga Fotugal, Glo-1 ma ta fara aiki a shekarar. A 2012 WACS da ACE suka fara aiki. Kamfani mai hankali sai ya sayi hanya a waya biyu ko uku, in ɗaya ta tsinke ya koma ɗaya. A takarda wannan tanadi ne cikakke.

A ƙasan teku kuwa labarin daban ne. Wayoyin huɗu na masu mallaka huɗu ne, kwangila huɗu, amma daura da Abijan duk suna ratsa yanki guda, inda wani kwazazzabo mai zurfi da ake kira Trou Sans Fond ya tsaga ƙasan teku tun daga kusa da gaɓa. MainOne ta bayyana cewa tata wayar ta tsinke ne a zurfin kimanin kilomita 3, wurin da angar jirgi ko komar masunta ba ta kaiwa, kuma binciken farko ya nuna motsin ƙasa ne a ƙarƙashin ruwa. Ba lokaci guda ƙasashen suka faɗi ba. Tun da asuba abin ya fara a Gambiya da Gini da Laberiya, ya biyo Kwaddibuwa da Ghana, da hantsi ya iso Nijar da Najeriya. Haka ake tsammani idan laka da duwatsu suka gangaro kwazazzabo suna cin abin da ke gabansu bi da bi. Wayar a can ƙasa ba ta kai kaurin inci ɗaya ba, zaren gilashin da ke cikinta kuwa sirantarsa ta gashin kai ce.

Ba wannan ne karo na farko ba. A watan Janairun 2020, sannan a watan Agustan 2023, WACS da SAT-3 sun tsinke tare a kwazazzabon da ke bakin kogin Kwango. Gargaɗi ya zo har sau biyu. Ƙari a kan haka, a ƙarshen Fabrairun 2024 wasu wayoyi uku sun lalace a tekun Maliya, kuma ba a gyara su ba lokacin da na yamma suka tsinke, don haka hanyar gabas da za a kauce ta ita ma a matse take. Microsoft da kansa ya ce haɗuwar biyun ta rage ƙarfin isa cibiyoyinsa na Afirka ta Kudu. Waɗanda suka tsira, irin su Glo-1 da Equiano ta Google da ta iso Legas a 2022, sai kowa ya ruga kansu. Cikin 'yan kwanaki NCC ta ce an dawo da kusan kashi 90 cikin 100 na aiki ta hanyar karkatar da zirga-zirga, amma gyaran kansa sai da jiragen ruwa suka taso daga nesa, ciki har da Léon Thévenin mai zama a Cape Town, suka lalubo wayoyin suka ɗinke su a bisa jirgi. MainOne ba ta dawo ba sai a watan Mayu.

Amsar tambaya ta farko ke nan. An ƙirga wayoyi huɗu, alhali a wurin da haɗarin yake hanya ɗaya ce.

Tambaya ta biyu ta fi shafar masu kula da sabobi kai tsaye. Babban littafin banki, inda aka rubuta abin da kowa ke da shi, galibi yana cikin Najeriya, a Legas. Kamfanin NIBSS da ke sada bankuna da juna shi ma a gida yake. Amma kafin saƙon na'urar POS ya isa littafin yana ratsa ƙofofi da dama: mai fassara sunan shafi zuwa adireshi, mai tantance na'urar, mai duba ko cinikin na zamba ne, mai tura lambar sirri, da manhajar kamfanin da ya ba yaron na'urar. Da yawa daga waɗannan ƙofofi haya ake yi a sabobin Amazon ko Microsoft ko Google, kuma a 2024 cikakkun cibiyoyinsu mafi kusa suna Afirka ta Kudu ne ko Turai. Microsoft ya buɗe nasa a Johannesburg da Cape Town a 2019, Amazon a Cape Town a 2020. Don haka saƙon da ya tashi daga Farfaru zai iya hawa turken sabis, ya bi wayar gilashi ta gefen titi zuwa Katsina, Kano, Kaduna, har Legas, ya shiga teku, ya je Landan ko Frankfurt a buga masa hatimi, ya dawo, sannan ya isa bankin da ke 'yan kilomitoci daga inda ya shiga ruwan. Duk wannan cikin ƙiftawar ido, muddin hanya lafiya.

Wannan ne ya warware abin da ya rikita mutane a rumfar. Kira daga Jibiya zuwa Kano ba ya tsallaka teku. Alat ɗin da banki ke turowa ta saƙon tes shi ma galibi a cikin gida yake yawo. Shi ya sa waya ta yi ƙara alhali na'ura ta ƙi. Mai kula da gungun sabobi yakan lissafa abin da ya saya ya kafa da hannunsa, ya yi masa kwafi biyu ko uku. Abin da yake haya, da abin da wanda ya ba shi hayar shi ma yake haya a wani wurin, sau da yawa ba ya shiga lissafi sai ranar da ya ɓace.

Saura kuɗin dattijo.

Cinikin POS tafiya ce da dawowa. Na'ura ta tambaya, bankin mai kati ya duba, ya cire kuɗin a littafinsa, ya aiko da amsa cewa an yarda. Na'urar tana da iyakar lokacin da za ta jira. Da a ce hanya ta mutu gaba ɗaya, da tambayar ba ta isa ba, da ba a cire komai ba. Amma ranar hanya ba ta mutu ba, cushewa ta yi, don zirga-zirgar wayoyi huɗu ta koma kan waɗanda suka rage. Tambaya ta isa a makare, banki ya cire kuɗi ya tura alat, amsa ta maƙale a hanyar dawowa, lokaci ya cika, na'ura ta yanke ƙauna ta buga takardar ƙi. A irin wannan hali tsarin yana aika saƙo na biyu cewa a soke cirewar. Shi ma wannan saƙon ya shiga layi ɗaya da dubban irinsa.

Kuɗin ba su taɓa barin littafin banki ba. An ɗauke su daga sunan dattijo an ajiye a wani asusun jira, kuma wannan rubutun yana cikin kowane kwafi na ma'adanar, yana jiran a daidaita lissafi tsakanin ɓangarorin. Tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade awa 72 a matsayin wa'adin warware irin wannan ciniki na POS. Na dattijon sun koma asusunsa bayan kwanaki, lokacin da wanda zai sayar masa da waken ya riga ya sayar wa mai tsabar kuɗi.

Wani zai ce, tun da injin ya ga an cire, me ya hana shi biyan yaron kawai? Me ya sa gungun da aka kashe wa maƙudan kuɗi don kada ya tsaya yake zaɓar tsayawa? A ɗauka 'yan uwa biyu ne ke da shago ɗaya mai ƙofa biyu, kowa da littafin bashi a gabansa, duk abin da ɗaya ya rubuta sai ya faɗa wa ɗaya ya kwafa. Wata rana hayaniya ta hana su jin juna. Yayan ya ɗauka ƙanen ya tashi, ƙanen ya ɗauka yayan ya tashi, kowa ya ci gaba da ba da kaya yana rubutawa shi kaɗai. Da yamma ga littafi biyu, kowanne gaskiya ne, kuma ba su dace ba. Buhun da ya rage ɗaya an sayar wa mutum biyu.

Wannan shi ne abin da masu kula da sabobi suka fi tsoro, fiye da gobara. Saba ba ta iya bambance 'yar uwar da ta mutu da wadda saƙonta ya makara a hanya. Duka biyun shiru ne a wurinta. Maganin da aka samo shi ne ƙuri'a. Ana sa sabobi uku ko biyar, adadin da ba ya rabuwa biyu daidai, kuma ɓangaren da ke da rinjaye kaɗai ke da izinin rubutu. Wadda ta tsinci kanta ita kaɗai dole ta ajiye alƙalami ko da lafiyarta ƙalau. Inda sabobi biyu ne kawai, ana ajiye wata ƙaramar na'ura ta uku a wani wurin ta zama shaida. Kafin masu rinjaye su karɓe faifan wadda ta yi shiru kuma, sai sun tabbatar ta mutu da gaske, har su kashe mata wuta daga nesa.

Kamfanin GitHub, inda masu rubuta manhaja na duniya ke ajiye aikinsu, ya ɗanɗana wannan ranar 21 ga Oktoba, 2018. Haɗi ya yanke na daƙiƙa 43 kacal a gabashin Amurka. Tsarin ya miƙa jagoranci ga sabobin yammacin ƙasar, alhali na gabas suna riƙe da wasu rubuce-rubuce da ba su kai ga kwafewa ba. Da haɗin ya dawo, littafi ya zama biyu. Injiniyoyin suka zaɓi su bar mutane suna jira maimakon su zubar da bayanan kowa, kuma sai da aka yi awa 24 da minti 11 kafin komai ya daidaita. Na yarda da wannan zaɓi, kuma a harkar kuɗi ya fi zama dole. Jiran kwana uku yana da ciwo, musamman ga mai ƙaramin jari a cikin azumi, amma ana warkewa daga gare shi. Littafin da ya rabu biyu yana iya nuna an biya wanda ba a biya ba, kuma babu takardar da talaka zai nuna ya ci shari'ar.

Akwai wani ƙulli a nan da ya shafe mu a Arewa. Idan ana son kwafi biyu su zama daidai a kowane lokaci, dole ta farko ta jira ta biyu ta ce ta rubuta kafin a ce ciniki ya kammala. Haske a cikin zaren gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato kowane kilomita 100 yana cin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa zuwa da dawowa. Daga Legas zuwa Kano abin ya ninka haka sau goma ko fiye, ciniki ɗaya kuma rubutu ne da yawa a jere. Saboda haka sauri yana jan kwafi biyun su zauna kusa da juna, tsaro kuma yana son su yi nisa. Waɗanda suka bi sauri kaɗai sun gani a Faransa a watan Maris na 2021, da gobara ta cinye ɗaya daga gine-ginen kamfanin OVH a Strasbourg, wasu masu haya suka tarar da ajiyar da suka dogara da ita a wuri guda take da asalin. Abin da masu aikin suka saba yi shi ne kwafi biyu a kusa masu tafiya tare, da na uku can nesa mai biyo baya da 'yan daƙiƙu. Tambayar ita ce ina ake ajiye na ukun. In a Turai ne, ranar da teku ta tsinke ba shi da amfani ga mutumin Jibiya.

Mun sake ganin irin wannan a wutar lantarki bayan wata bakwai. An riga an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna ba a gyara ba, Arewa ta rataya a kan layin Ugwuaji zuwa Apir, shi ma ya faɗi ranar 21 ga Oktoba, 2024, aka shafe fiye da mako guda cikin duhu. Layi biyu ne a takarda, amma tun ranar da na farko ya lalace saura ɗaya, kuma aka ci gaba da zama kamar biyu ne.

Kayan gyara ba su yi mana nisa ba. A watan Janairun 2023 aka ƙaddamar da cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone a Kano. Cibiyar musayar intanet ta Najeriya, IXPN, tana da mahaɗa a Kano, inda kamfanoni za su iya miƙa wa juna saƙo ba tare da ya je Legas ba. Wayar 2Africa ta sauka a Akwa Ibom a 2024, abin da ya rage dogaro da gaɓar Legas kaɗai. Bankin Raya Afirka ya tallafa wa aikin wayar gilashi mai ratsa Sahara daga Aljeriya, wadda reshenta ya biyo ta Damagaram da Magarya zuwa iyakar Najeriya, hanyar da ba ta san kwazazzabon Abijan ba. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284 da zai ratsa Jibiya. Duk wanda ke da iko a kan wannan aikin ya kamata ya tabbatar an binne bututun wayar gilashi a gefensa tun ana haƙa, kuma an buɗe shi ga kamfanonin sadarwa na ƙasashen biyu.

Babban Bankin Najeriya kuma ya kamata ya wajabta wa kowane banki da kowane kamfanin POS gwaji sau ɗaya a shekara: a cire haɗin teku da gangan, da rana, a ga ko katin gida zai iya biyan ɗan kasuwar gida, sannan a buga sakamakon kowa ya gani. Kai kuma mai karatu, duk ranar da aka cire maka kuɗi na'ura ta ce ba a yi ba, kada ka yar da takardar, kada ka kama wuyan yaron rumfa. Ɗauki hoton takardar da na alat ɗin, ka kai ƙorafi bankinka a rubuce su ba ka lambar ƙorafin. In awa 72 ta wuce ba su maido ba ka koma musu da lambar, in suka ci gaba da ja maka rai ka kai su sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki.